Yadda Ake Kamun Kifi da Fatsa a Ƙaramin Rafin Alli

Rafukan alli na kudancin Ingila, irin su Test da Itchen da ƙannensu Meon da Lambourn, daga ƙarƙashin dutsen alli ruwansu ke ɓulɓulowa, shi ya sa yake garau, sanyinsa a maɓulɓula kuma bai cika gusawa daga digiri 10 ba duk shekara. Wannan tsabtar ce ke wahalar da mai fatsa, domin kifin tirawut kan hango mutum tun kafin mutum ya hango shi. Saboda haka kallo ne babban aiki a nan, jifa ƙarami.

Da farko ka yanki lasisin Hukumar Kula da Muhalli, ka kuma nemi izinin mai wurin, tunda galibin gaɓar rafukan na masu su ne. Sanda mai ƙafa 7 zuwa 8 ta isa. Ka soma daga ƙasan rafi ka haura sama, don kifi yana fuskantar inda ruwa ke tahowa, ta baya kawai za a iya lallaɓo shi. Ka duƙa, kada inuwarka ta sauka a kan ruwa, ka sa tabarau mai kashe ƙyalli. In ka ga kifi a bakin ciyawa, zauna ka ga abin da yake ci. Yana tasowa yana cafkar ƙwari a sama? Ɗaura ƙwaron jabu mai shawagi. Farin bakinsa kake gani yana buɗewa a ƙasa? Sa mai nutsewa. Sai ka jefa kamar taku ɗaya gaba da shi, ka bar ruwa ya kai masa ba tare da zare ya ja ba. In ya cafki mai shawagi, ɗan jinkirta kaɗan sannan ka ɗaga sanda.

Wani zai ce zaman kallo ɓata lokaci ne, yawan jifa shi ke kawo sa'a. A babban kogi mai laka wataƙila. A rafin da faɗinsa bai wuce 'yan taku ba, jifar banza ɗaya kan firgita kifi, shi kuma a guje ya tarwatsa na gabansa. Har marubuci Skues, wanda ya kare ƙwaro mai nutsewa a littafinsa na 1910, kifin da ya riga ya gani yake jefa wa.

In za ka saki kifin, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka zare ƙugiyar yana cikin ruwa.