Allon nukiliya da kwalbar maganin feshi a fadamar Rima

A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya injin yana ta tsiyayewa. Fitilar allon da ke gaban ma'aikata tana nuna an aika umarnin rufewa ne kawai, su kuma suka ɗauka ya rufu, aka shafe sama da awa biyu a haka. Ƙwararru ne, amma allon ya yaudare su. Mu masu aikin kare lafiyar masu hulɗa da guba mun riƙe wannan: kafin a zargi mutum da sakaci, a duba abin da aka sa a gaban idonsa.

Wani zai ce ina ruwan Wurno da nukiliya, tunda ƙaramin injin binciken da ke Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004 ma yana can Zariya. Ai gubar da ta fi kusa da mu tana bayan mai feshi a gonakin albasa da shinkafa na Goronyo, Rabah da Wurno, kuma allonsa shi ne takardar jikin kwalba. An rubuta ta da Turanci, awon da mililita, shi kuwa da murfin kwalbar yake awo cikin famfo mai lita 16. Layin launi na ƙasan takardar, ja mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi, kore, ba kowa aka taɓa yi wa bayaninsa ba. Idan ɗan kasuwa ya juye maganin a robar ruwa don sayar da ƙwarya-ƙwarya, to an cire allon ɗungurungum.

Ana yawan cewa laifin manomi ne da ya ƙi safar hannu da takunkumi. Akwai gaskiya a ciki, sai dai duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ya san rigar leda ba ta sawuwa da rana tsaka, kuma safa ba ta hana famfo mai yoyo jiƙa baya. Batun tsada ma bai taka kara ya karya ba: murfi mai zanen awo da gargaɗi da Hausa, boko da ajami, ba za su ɗaga farashi sosai ba, kuma NAFDAC da ke yi wa magungunan rajista tana iya sa su cikin sharuɗɗa.