Darasin Lafiya: Kada Mu Baro Asibiti Ba Mu Gane Ba

Darasinmu na wannan mako ya shafi ƙaramin asibitin unguwa, wato sha-ka-tafi, inda yawancinmu muke fara zuwa idan jiki ya ƙi daɗi.

A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne tushe, kuma jama'a suna da haƙƙin sa baki a yadda ake kula da lafiyarsu. A Najeriya an kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992. Sai dai gini da magani ba su isa ba, idan maras lafiya ya koma gida bai gane abin da aka faɗa masa ba.

Mu ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Maganin Coartem sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, kuma ana so a haɗa shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo domin ya shiga jiki sosai. Wanda ba a yi wa bayani ba yakan daina sha da zarar zazzaɓi ya sauka, ya ajiye ragowar. Ƙwayoyin cutar da suka saura sai su sake yawaita, ciwo ya dawo. Ga ƙaramin yaro, wannan na iya kaiwa ga rasa rai.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin lafiya ya bar maras lafiya ya gama kokensa, ya yi masa bayani da harshen da yake ji, ya rufa masa asiri, sannan ya sa shi ya maimaita yadda zai sha maganin.

Mu kuma kafin mu tashi, mu tambaya:
1. Mene ne yake damuna?
2. Sau nawa zan sha maganin, kuma kwana nawa?
3. Wace alama zan gani in dawo da gaggawa?

Tambaya ba rashin kunya ba ce. Idan mun raka iyaye ko kakanni asibiti, mu rubuta musu amsoshin, mu karanta musu a gida.

Allah ya ba mu lafiya, amin.