Wanda Ya Taso Daga Benci

'Ya'yana samarin Dutsin-Ma da Kurfi, ƙorafinku yana zuwa kunnena. Da zarar koci ya ajiye ɗayanku a benci sai fushi, gobe ba za a gan shi wurin atisaye ba. Ku matso in ba ku labarin wani ɗan zari-ruga, wasan nan da mutum ke rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai ya sheƙa, ƙarti 15 na neman kai shi ƙasa.

Sonny Bill Williams ɗan New Zealand ne, haihuwar Auckland a 1985. Ya riga ya yi suna a Ostareliya a nau'in wasan da mutum 13 ke bugawa, sannan a 2008 ya koma Toulon ta Faransa ya kama koyon na mutum 15 kamar sabon shiga. A can Allah Ya nufe shi da musulunta. Ya buga wa ƙasarsa wasa 58, ya ɗaga kofin duniya a 2011 da 2015. To duk wasannin ƙarshen nan biyu, daga benci ya taso.

A na 2015, da suka kara da Ostareliya a filin Twickenham na Landan, sai bayan hutun rabin lokaci aka sako shi. Shigarsa ke da wuya 'yan Ostareliya suka yi masa ca, shi kuwa ya ɗaga ƙwallon sama da kansa ya miƙa wa abokin wasansa Ma'a Nonu, wanda ya keta su ya ci. Aka tashi 34 da 17. Dama da haka aka san shi: an riƙe masa ƙugu, hannunsa na laluben ɗan'uwa. Ku da kuke zuwa dam ɗin Zobe kun sani, mai riƙe da filafili ba shi ke jefa birgi ba, amma wa zai hana shi rabon kifi? Ni dai ban ga abin raini a bencin da mutum irin wannan ya zauna ba.

Ana cikin murna wani yaro ya ruga cikin fili, mai tsaro ya maka shi da ƙasa. Williams ya ɗaga yaron, ya raka shi har wurin 'yan kallo, ya cire lambar zinaren da aka rataya masa ya sa masa a wuya. Washegari hukumar wasan ta duniya ta ba shi wata.