Filin Shawarwari: Sun Ce Autana Ɗan Tsufa Ne, Ba Zai Yi Karatu Ba

   Malama, ni ban yi boko ba, babban ɗana ne yake karanta mini wannan fili, shi ne kuma ya rubuta wannan takarda da bakina.

Shekarata 47, haihuwata tara, bakwai suna raye. Autana na haife shi ina da shekara 41, lokacin har na ɗauka na gama, mijina Malam kuwa ya haura 60. Abokiyar zamana ita ma ta haihu a shekarar, wata uku ne tsakaninmu, tana da kamar 25. Yanzu yaran biyu sun shekara shida, kuma rana ɗaya aka sa su a makarantar allo da firamare. Ɗan'uwansa tuni ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru, nawa yana nan inda yake. Shiru-shiru ne, sai ki kira shi sau uku bai waiwayo ba, in an matsa masa ya yi zuciya ko ya fashe da kuka. Maganarsa ma ba ta fita sosai. Amma a hannu Allah ya ba shi: motar kara da yake ƙerawa har manya tsayawa suke su kalla, awakin gidan nan kuma shi suke bi.

Yana shekara biyu ya yi zazzaɓi mai zafi da damina har ya sanƙare. Bayan nan kunnensa ya daɗe yana ruwa, muka ɗiga masa maganin gida ya tsaya, amma yakan dawo jefi-jefi.

Ƙanwar Malam ta ce ba wani ciwo, ɗan tsufa ne kawai, wai jinina ya riga ya gaji, nonon tsohuwa ya sha, irinsu ba sa karatu. A gabansa take faɗa. Malam ya fara cewa a cire shi daga boko a bar shi da kiwo. Abin da ya fi hana ni barci, yanzu maganar ta koma kan 'yata mai shekara 15, wai a aurar da ita da kaka, don haihuwar ƙuruciya ce take ba da 'ya'ya masu kaifin kai. Malama, ni na jawo wa yaron nan? Ki ba ni shawara, Allah ya ba ki ladan zumunci.

Uwar Auta, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Makoɗa

AMSA

 Allah ya raya mana auta, ya yi wa mai rubutun albarka.

Tun kafin mu shiga lissafin shekaru, a kai yaron nan a duba kunnensa. Ki sake sauraron abin da kika faɗa: a kira shi sau uku bai juyo ba, magana ba ta fita, kunne yana ruwa yana tsayawa, ga zazzaɓin da ya sanƙarar da shi, amma hannunsa da idonsa suna aiki fiye da na sa'anninsa. Dolo ba ya ƙera mota da kara ta tsaya da ƙafafunta. Ruwan kunne da ya daɗe yakan huda fatar dodon kunne ya rage ji, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa su ma sukan bar irin wannan tabo. Karatun allo kuwa karatun kunne ne: malam ya biya, yaro ya maimaita, a tsakiyar muryoyin yara talatin ko arba'in. Wanda yake jin rabin abin da aka biya dole a bar shi a baya, ko da kansa ya fi na kowa.

Yau da daddare ki gwada. Ki tsaya a bayansa inda ba zai ga bakinki ba, ki kira sunan abin da yake so a hankali, ta dama sannan ta hagu. Ko ma me kika gani, ku fara da babban asibitin Ɗambatta, ku nemi a tura ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, inda ake auna ji da na'ura. Kafin nan a daina ɗiga masa komai, kuma kada ruwa ya shiga kunnen wajen wanka ko wasan kududdufi.

Yanzu maganar tsufa. Ba zan ce miki babu komai a ciki ba, don akwai, amma ba abin da ƙanwar Malam take nufi ba. Akwai wata lalura da ake kira da sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866, John Langdon Down. Kowannenmu yana ɗauke da ƙullin gado 46 a ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa rabi daga uba, mai wannan lalura kuwa yana da 47. Tun 1933 wani likita, Lionel Penrose, ya nuna cewa tana ƙaruwa da shekarun uwa. Ga mace 'yar shekara 20, kusan haihuwa ɗaya ce a cikin 1,500. A shekara 35, ɗaya a cikin 350. A 40, ɗaya a cikin 100. Ki juya lissafin ki gani: a cikin mata 100 da suka haihu a irin shekarunki, 99 ba za su gamu da ita ba. Kuma ba lalura ce da take ɓuya sai yaro ya shekara shida ba, tun yana jariri ake ganin alamarta a fuska da laushin jiki. Sauran haɗarin haihuwa bayan 40 ya fi faɗa wa uwar ne: hawan jini, ciwon suga na ciki, zubar jini ga wadda ta yi haihuwa da yawa. Shi ya sa muke ta nanata zuwa awo. Batun nonon tsohuwa kuwa zance ne kawai. Nonon mai shekara 41 abinci ne cikakke.

Abin da ya ba ni dariya, mai maganar ta ƙirga shekarunki ta tsallake na yayanta. Ita mace da ƙwanta ake haihuwarta, shi namiji kullum jikinsa sabon iri yake yi, duk sabon yi sai an kwafi gadon, kwafi kuwa ba ya rasa kuskure. A 2012 masu bincike a ƙasar Iceland sun auna iyalai 78, suka ga duk shekarar da ta ƙaru wa uba tana ƙara kusan sauyi biyu a gadon da yake bai wa ɗansa. Yawancin sauye-sauyen ba sa yin komai. Amma wani babban bincike a Suwidin, kan mutum sama da miliyan biyu da rabi, ya nuna galahanga da wasu lalurorin ƙwaƙwalwa sun ɗan fi yawa ga 'ya'yan iyaye maza da suka wuce 45. Ban kawo wannan don ki je ki goranta wa Malam ba. Na kawo shi don ki lura da abu ɗaya: ɗan abokiyar zamanki da ake yabo, ubansu ɗaya, shekararsu ɗaya. In tsufa ne yake toshe kai, shi ma ɗan tsoho ne.

Binciken da na fi so ki ji shi ne na Birtaniya. An bi yaran da aka haifa a 1958, da na 1970, da na wajejen 2001, aka auna basirarsu suna 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya. A rukuni biyu na farko, 'ya'yan matan da suka haihu tsakanin shekara 35 da 39 sun ɗan gaza 'ya'yan masu 25 zuwa 29. A rukuni na uku sai abin ya juye, 'ya'yan manyan matan suka wuce gaba. Jikin mace bai canza ba cikin shekara arba'in. Abin da ya canza shi ne wace ce take haihuwa a wannan shekarun. A da, mai 'ya'ya da yawa ce, mai ƙaramin ƙarfi. Daga baya ta zama mai ilimi da abin hannu, wadda ta jinkirta, tana haihuwar na farko ko na biyu. Ke manomiya ce, kin san wannan fiye da ni: irin gero ɗaya ne, amma wanda aka shuka a gonar bayan gida, inda jaki yake sauke taki duk rani, ba ya zama ɗaya da na gonar nesa da ba ta ga mangala ba. Sau da yawa abin da muke kira ɗan tsufa, yaro ne da ya zo bayan haihuwa takwas, jikin uwa bai huta ba, kwano ɗaya hannu goma, ga ciwon da ba a kai asibiti da wuri ba.

Hali ma haka. Auta ana yi masa kallon shagwaɓaɓɓe, ɗan fari mai nauyin kai, amma da aka tara bayanan mutum kusan 20,000 daga Jamus da Amurka da Birtaniya a 2015, ba a ga jerin haihuwa yana tsara halin mutum ba. Ɗan bambancin da ake samu a gwajin basira, inda ɗan fari yake ɗan ɗara ƙannensa, shi ma a Norway an gano na reno ne: ɗa na biyu da wansa ya rasu tun yana jariri, aka rene shi a matsayin babba, makinsa ya zo daidai da na 'yan fari. Zuciyar da autanki yake yi ban ɗauke ta hali ba tukuna. Duk yaron da ake yi wa tsawa kan maganar da bai ji ba zai yi zuciya. Kuma ko kunnensa bai ji kalmar ɗan tsufa ba, idonsa yana ganin fuskar mai faɗa. Ki samu ƙanwar Malam ku biyu, cikin girmamawa, ki roƙe ta ta daina faɗa a gabansa. Ki kuma kiyaye kada abin ya shiga tsakaninki da abokiyar zamanki, ita da ɗanta ba su yi laifin komai ba.

In Malam zai fi jin hujjar addini, babban ɗanki ya tuna masa Annabi Yahaya, Alaihis Salam. Mahaifinsa Annabi Zakariyya ya tsufa tukuf, mahaifiyarsa ba ta taɓa haihuwa ba, amma Suratu Maryam ta ba da labarin an ba shi hikima tun yana yaro. Annabi Is'haƙa ma a tsufan iyayensa ya zo.

Sai maganar 'yarki, wadda ta fi ta autan nauyi a wajena, don shi nasa ana iya gyarawa. Cewa haihuwar ƙuruciya tana ba da 'ya'ya masu kaifin kai, akasin haka aka gani. A 2015 an haɗa bayanan yaran da aka bi tun daga haihuwa har girma a Barazil da Guatemala da Indiya da Filifin da Afirka ta Kudu. 'Ya'yan matan da suka haihu ba su kai 20 ba sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi, sun fi tsumburewa a shekara biyu, sun fi kasa kammala sakandare. Dalilin a fili yake: yarinyar da ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta abinci ɗaya suke rabawa. Mu kuwa a Arewa maso Yamma, ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna fiye da rabin yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure suke, kuma tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ita kanta yarinyar ga jijjiga, ga doguwar naƙuda. Wanda yake ganin wasa ne ya leƙa sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Murtala ko Babbar Ruga a Katsina, ya tambayi shekarun da yawancinsu suka yi haihuwar fari. In har jikoki masu kaifin kai ake so, hanya mafi kusa ita ce a bar uwarsu ta girma ta yi karatu, don ilimin uwa yana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda yaro zai rayu ya kuma yi karatu.

Na san ba ke kike yanke hukunci a gidan ba. Kada ki tayar da maganar a tsakar gida. Ki bari sai ranar girkinki, ki roƙi abu biyu kawai: a ɗaga maganar auren, kuma kada a cire autan daga makaranta sai likita ya gan shi. In kika ga da wuya, a sa wan Malam ko limamin garinku a ciki, da babban ɗanki a gefe. Kuɗin mota da na kati, in kin sayar da ɗan akuya ɗaya cikin waɗanda yaron yake kiwo, bai faɗi a banza ba.

Kafin a je, babban ɗanki ya je makarantun biyu ya roƙi malaman su zaunar da autan a gaba, su dube shi in za su yi masa magana. Ku ma a gida haka, fuska da fuska, ba daga bayan danga ba. Ki yi ta jansa da hira kan abin da yake so, ya ƙirga miki awaki, ya faɗa miki sunan kowane ɓangare na motarsa. A ƙara masa wake da gyaɗa da zogale, da ƙwai in kaza ta yi, a yi girki da gishirin leda mai sinadarin aidin, a ba shi maganin tsutsar ciki. In gwaji ya nuna jin ya ragu, akwai magani, akwai aikin gyaran dodon kunne, akwai na'urar ƙara ji, ga kuma makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki in abin ya kai can. In kuwa kunnen lafiya lau, kada ku dawo gida, ku nemi likitan yara ya duba shi saboda wancan zazzaɓin.

Tambayarki ta ƙarshe: a'a Yaya, ba ke kika jawo masa ba. Ki sa babban ɗanki ya rubuto mana abin da likitan kunne ya ce. Allah ya ba shi lafiya.