Ranar da Rajista Za Ta Zo Hannunku: Nasiha ga Matasan Gamu

Ƴaƴana, samari da ƴan matan Gamu! Da yawanku kun haye jarrabawar BEPC, wasu har sun riƙe takardar Bak, kowa kuma yana tunanin inda zai dosa. Wani soja yake so, wani duwan, wani hankalinsa na kan fataucin Kano ko tafiya Libiya. Kowa da rabonsa, Allah Ya sa albarka. Sai dai akwai wani aiki da ba kasafai nake jin kuna ambatonsa a hirarku ba, kuma a kansa nake so mu zanta: aikin kula da jama'a da tallafa wa iyali. Ina nufin ma'aikacin jin daɗin jama'a, wanda ake ce wa asistan sosiyal, mai bin sawun maraya da bazawara da naƙasasshe. Ina nufin ungozoma da majo a gidan likita, da mai rubuta takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari, da rele mai zagaya gidaje, da mai ƙidayar waɗanda za a ba tallafi, da wanda ke raka talaka gaban alƙali yana fahimtar da shi haƙƙinsa.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne rajista da alƙalami. Wanda suka rubuta sunansa, hukuma ta san da shi. Wanda suka tsallake, ko yana raye kamar ba a haife shi ba. Shi ya sa nake son wannan alƙalami ya faɗa hannun masu tsoron Allah, waɗanda ba sa tambayar ɗan wane ne kafin su rubuta.

Kun san ƙasarmu ta Gure. Mangawa da Dagirawa, Hausawa da Fulani, Tubawa da Buzaye da Larabawa, kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke ja. Mai kanwa daga kwari yana musaya da mai hatsi, mai nono tana musaya da mai kuka. Bafillace da Babarbare suna haɗuwa su yi ta zolayar juna, wasan taubasantakar nan da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a shekarar 2014. Wannan arziki ne, kuma ina alfahari da shi. Amma tsoho ba ya ɓoye wa ƴaƴansa gaskiya. A ƙarƙashin wannan zama akwai maganganun da ake yi ƙasa-ƙasa: "Ai ka san asalinsu." "Maƙera ne." "Ba sa'o'inmu ba ne." "Kakansu saye aka yi." Ana jin su ranar neman aure, ana jin su in za a zaɓi liman ko shugaban kwamiti, ana jin su in rigimar gona ta tashi. Kusan kowace ƙabila a cikinmu tana da waɗanda ta ajiye a gefe saboda sana'ar kakanni, ko launin fata, ko tsohon tabon bauta.

Ku dubi yadda wannan yake shiga aikin taimako ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. A 2011 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta fara shirin ba matan gidajen matalauta jika goma a wata. Kafin kuɗi su zo, sai an yi ƙidaya. Mai ƙidaya yana sauka ƙofar bulama ko mai gari, a shimfiɗa masa tabarma, a aika a kira mutane. Na kusa su zo. Masu baki su zo. Amma ƴar tsohuwar da ke bukka a bayan gari, wadda ta saba ba a kiranta taro, ba za ta taso ba. Mutanen ruga sun kora dabbobi arewa. Batuba da ba ta jin Hausa sosai ta tsaya nesa tana kallo. Rana ta yi zafi, mai ƙidaya ya cika takardarsa, ya hau babur. Babu wanda ya ce kada a rubuta su, amma ba a rubuta su ba, kuma yunwa ba za ta tsallake su ba.

Haka abin yake a gidan likita. Tun 2006 aka yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da na tiyatar haihuwa. A takarda kowa daidai ne. To amma macen da ta yi tafiyar rabin yini da ɗanta a goye, ta iso aka daka mata tsawa don ta makara, aka toshe hanci don warin nono a zanenta, aka yi mata bayanin magani cikin harshen da ba ta ji, wannan mace ba za ta dawo ba, kuma za ta gaya wa ƴan uwanta kada su je. Yaron da aka haifa a daji ba a yi masa takardar haihuwa ba, ranar da zai ajiye takardun jarrabawa ne zai gane cewa an rufe masa ƙofa tun yana zanen goyo. Irin wannan zalunci ba ya bukatar mugun mutum. Gajiya da gaggawa da abin da aka saba sun ishe shi.

Kada ku ɗauka ba a iya sauya waɗannan abubuwa. A ƙasar nan aka yi shari'ar Hadijatu Mani, ƴar jihar Tawa. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangida ke riƙewa kamar mata, ta yi shekaru tana aikin bauta. Ko da aka ba ta takardar ƴanci a 2005, ta auri wanda take so, sai aka maka ta kotu da sunan ta yi aure kan aure, har aka kulle ta. Ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zaman da ta yi a Yamai, ta yanke hukunci cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan goma. Duniya ta san sunan Hadijatu, kuma ta cancanta, don ita ta yi jarumtar tsayawa. Amma ku tuna da waɗanda suka tsaya a bayanta: ƴan ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, waɗanda suka saurare ta, suka gaya mata cewa tun 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta babban laifi, suka samo lauyoyi, suka yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauye da kotu. Doka tana nan a rubuce shekara da shekaru, sai da aka sami masu ɗaukarta su kai ta ƙofar bukka kafin ta yi amfani. Wannan ɗauka ita ce sana'ar da nake kwaɗaita muku.

A jiharmu ta Damagaram ma akwai abin dubawa. Unguwar Kara-Kara a birnin Zinder, can aka tura kutare da masu bara a zamanin da, kuma har jikokinsu suka tashi da wannan tambari, ana gudunsu, su ma suka ɗauki fushi. Aisha Macky, ƴar garin, wadda ta karanta ilimin zamantakewa, ta shiga cikinsu ta zauna da su, ta fito da fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, mutane suka ga cewa waɗannan samari ƴaƴa ne kamar na kowa, waɗanda aka hana makaranta da aiki. A watan Oktoba 2013, an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance na jiharmu, suna kan hanyar Aljeriya neman abin sawa a baki. Bayan wannan masifa hankali ya ƙara komawa kan fataucin mutane, kuma a 2019 aka buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto a Zinder. Kowane yaro da aka dawo da shi yana bukatar mai nemo danginsa, mai zama da uwarsa, mai komawa bayan wata uku ya ga ko yana lakwal. A jihar nan kuma aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Duk waɗannan ayyuka hannu suke nema, kuma hannun ɗan gida ya fi na baƙo sanin inda ke ciwo.

Hanyar shiga a buɗe take. Akwai makarantar kiwon lafiya ta gwamnati a Zinder da ta Yamai, akwai makarantar horar da malamai, akwai Jami'ar André Salifou ga mai son ilimin zamantakewa. Wanda bai kai can ba tukuna, ya fara daga inda yake: ya shiga aikin rigakafi, ya zama rele, ya taimaka a ranar awon yara, ya yi tafinta a gidan likita. Da yawa daga cikin waɗanda suka iya aikin nan, a irin wannan wuri suka koyi sauraron mutane.

In Allah Ya ba ku aikin, ga abin da nake roƙonku. Ku koyi harsunan maƙwabtanku. Kun tashi da Hausa da Barbarci; ku ƙara Fillanci, ku ɗan tsinci Tubanci da Buzanci, ko da gaisuwa ce da sunayen ciwo. Mace ba ta faɗin abin da ke damunta ta bakin mijin wata. In kun gaishe ta da harshen uwarta, rabin tsoronta ya tafi.

Ku tashi daga tabarmar ƙofar fada. Ku girmama bulama da lawan da arɗo, ku fara da gaishe su, don ba a shiga gari ta bayan gida. Amma bayan haka ku taka da ƙafarku har bukkar ƙarshe. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma adalcin rabo ma haka ne. Kafin ku rufe rajista, ku tambayi kanku: wa ya kamata ya kasance a nan da ban gani ba? Ku tambayi mai gari, ku tambayi matan bakin rijiya, ku tambayi yaran kiwo. Ku san watannin da makiyaya ke kusa da watannin da suke nisa, ku daidaita rigakafi da rajistar haihuwa da tafiyarsu, don dokar makiyaya ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinsu ne, ba laifi ba.

Ku riƙe sirri. Za ku san gidan da ba a ɗora tukunya ba, da yarinyar da aka ɓata, da matar da yoyon fitsari ya sa miji ya guje ta. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya fito daga bakinku a majalisar shayi, aikinku ya mutu a wannan gari.

Ku yi hattara da dangi. Kawu zai zo ya ce a sa sunan gidansa, alhali yana da rumbu biyu. Gwaggo za ta ce, "Kai da muke da kai a ciki?" Ku ba su haƙuri da ladabi, ku taimake su daga aljihunku in kuna da hali, amma kada ku cire sunan marainiya ku sa nasu. Za su yi fushi na ɗan lokaci, daga baya su ne za su riƙa faɗin amanarku.

Ƴaƴana mata, ku musamman nake kira. Akwai ɗakin da namiji ba ya shiga, akwai maganar da ba a gaya masa. In babu ku a aikin nan, rabin jama'a ba su da mai jin kukansu. Iyaye kuma, ku bar su su ƙarasa karatu.

Kai da aka taɓa yi wa gorin asali, kada ka ce wannan kujera ba taka ba ce. Ka fi kowa sanin yadda ake ji in aka tsallake mutum, kuma yaran unguwarku suna bukatar su ga ɗayansu da farar riga ko a bayan tebur. In ka hau, kada ka rama. Ka yi wa kowa abin da ka so a yi maka. Kai kuma ɗan gidan sarauta ko ɗan malamai, maganarka tana da nauyi a fada. In ka zauna tabarma ɗaya da maƙeri kuka ci tuwo, ka koyar da abin da wa'azin shekara bai koyar ba.

Ba zan yaudare ku ba, aikin akwai wuya. Albashi kaɗan ne, wani lokaci ya yi jinkiri. Za ku tura babur cikin rairayi, za ku ga ciwon da ba ku da maganinsa, wani ma ya zage ku kan abin da ba ku da iko a kai. Ku nemi abokan aiki na gari da za ku riƙa sauke nauyin zuciya tare, ku huta in hutu ya zo, don mai gajiya shi ke fara daka wa mutane tsawa.

Addininmu ya riga ya share mana wannan hanya. Sahabi Abu Zarri ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa wannan saura ne na jahiliyya. Bilal, wanda aka taɓa bautarwa, shi aka ɗora ya kira salla. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya umarci a riƙa ciyar da shi da irinsa daga baitulmali. Bai tambayi ƙabilarsa ba, bai ce sai ya musulunta ba. Tsufansa da bukatarsa ya duba.

Saboda haka, in kuna shawarar abin da za ku zama, ku sa wannan aiki cikin lissafi, ku tambayi waɗanda ke yin sa, ku nemi yardar iyaye, ku yi istihara. Gamu tana bukatar ƴaƴanta a gidan likita, a ma'aikatar magajin gari, a makaranta da gaban alƙali, masu rubuta sunan Bamange da Bafillace da Batube da ɗan maƙera da tawada ɗaya. Allah Ya yi muku jagora, Ya tsare hannuwanku daga haram, Ya sa a amfana da ku.