Yadda ake hirar bincike ta WhatsApp a ƙasar Daura

Ɗalibin da ke nazarin yadda rufe iyaka ya taɓa fataken dabbobi a Mai'adua zai tarar mutanensa ba sa zama wuri guda. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Wanda abin ya fi shafa yau yana Kongolam, gobe yana hanyar Damagaram. Amma wayarsa tana aljihu, kuma ta cikinta ana iya yin hira mai zurfi idan an bi ta da tsari.

Matakin farko da ƙafa ake yin sa. Baƙuwar lamba ta turo tambayoyi, abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne ɗan damfara ne. Don haka mai bincike ya nemi wanda zai gabatar da shi: mai unguwa, dagaci, shugaban 'yan kasuwa ko malamar Islamiyya. Ko M. G. Smith, wanda littafinsa kan tarihin sarautar Daura ya fito a 1978, da bakin dattawa ya dogara sosai. Waya ba ta sauya wannan ba, a Baure ne ko a Zango ko Sandamu.

Na biyu shi ne neman izini, kuma da murya ya fi. Bayan sallama da gaisuwa cikakkiya, mai bincike ya faɗi sunansa da makarantarsa da abin da za a yi da maganar, ya tabbatar cewa za a sakaya suna, kuma mutum na iya cewa ya fasa a kowane lokaci. Ya adana amsar amincewar. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba wa yardar mai bayani muhimmanci, ladabi ma ya riga ta.

A nan akwai tambayar da ba a tsallakewa: wa ke taɓa wayar nan? Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni yadda ba mai karanta su a hanya, amma wannan kullin ba ya hana miji ko ɗa ko mai cajin waya buɗewa. Matar aure da ake tambaya kan haihuwa ko bashi tana iya shiga matsala saboda saƙo ɗaya. Idan wayar ta haɗaka ce, a sauya hanya ko a bar batun. Hira da mata kuwa, ya fi kyau mace ta yi ta, da sanin maigida inda al'adar gidan ta buƙaci haka.

Na uku, a bar mutum ya zaɓi rubutu ko murya. Dattawa da dama sun fi sakewa da ajami fiye da boko, kuma wanda zai rubuta "lafiya lau" ya tsaya zai iya zuba labarin minti biyar da baki.

Sai hirar kanta, inda mafi yawan masu bincike ke ɓata aikinsu da gaggawa. Tambaya ɗaya ake turawa a jira. Aka jero biyar, ta ƙarshe kaɗai za a amsa. A buɗe tambayar: maimakon "Kun yi asara?", a ce "Alhaji, yaya aka yi da shanun da kuka sayo makon da aka rufe iyaka?" Idan amsa ta zo, a ciro wata magana daga cikinta a bi ta: "Daga nan fa?" Tunda ba a ganin fuska, ɗan gajeren "na ji, Allah ya kyauta" shi ke nuna ana sauraro.

Shiru ba ƙi ba ne. Kusa da iyaka waya kan kama layin Nijar, caji kan ƙare, da damina mutum na gona. A tsayar da lokaci tun farko, galibi bayan isha'i, a kauce wa ranar kasuwa, a yarda hirar ta ɗauki 'yan kwanaki. Tuni ɗaya ya isa. Kuɗin data kuma mai bincike ne zai biya, domin bai dace fatake ya kashe kuɗinsa a kan digirin wani ba.

Daga ƙarshe a kwashe hirar zuwa kwamfuta mai lambar sirri, a rubuta saƙonnin murya a ranar da suka zo, da kalmomin mai maganar ba tare da gyara ba, a sauya sunansa da na ƙauyensa. A tura masa taƙaitaccen abin da aka fahimta da murya don ya gyara inda aka yi kuskure, a yi godiya, sannan a goge hirar daga waya a nuna masa yadda zai goge tasa.