Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ɗan Karkanda a Dawa

Duk mai son hoton ɗan karkanda, da uwar zai yi shiri. Wata 15 zuwa 16 take ɗauke da cikinsa, guda ɗaya take haifa, kuma yana manne da ita har shekara 2 zuwa 3. Idan hankalinta ya kwanta, ɗan zai fito fili ya yi tsalle-tsallensa. Idan ta tsargu kuwa, sai dai ka ɗauki hoton ƙura.

Da farko sai a zaɓi wuri. Najeriya da Nijar ba su da karkanda a daji yanzu. Irin baƙar karkandar da ta taɓa rayuwa a wannan yanki, wadda ragowarta ta ƙarshe ta kasance a arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarta a 2011. An kai wasu kaɗan na wani irin baƙar karkanda dabam gandun dajin Zakouma na Chadi daga Afirka ta Kudu a 2018, amma mai neman ganin uwa da ɗa gara ya nufi Kenya, gandun Ol Pejeta ko Lewa ko na tafkin Nakuru, ko kuma Hluhluwe-iMfolozi a Afirka ta Kudu. A Kenya, watannin Yuni zuwa Oktoba sun fi dacewa, domin ruwan sama ya ja baya, ciyawa ta yi ƙasa, dabbobi suna yawan zuwa mashaya.

Sai ka san wadda kake nema, domin iri biyu ne a Afirka kuma halinsu ya bambanta. Farar karkanda da baƙa duk launin toka ne, da baki ake rarrabe su. Farar tana da faffaɗan baki, tana kiwon ciyawa a fili, kanta a sunkuye. Baƙar tana da leɓe mai tsini da take tsinkar ganye da shi, tana son duhuwa, ga saurin fushi. Abin da ya fi shafar mai kyamara shi ne wannan: ɗan farar karkanda yawanci gaban uwarsa yake tafiya, na baƙar kuwa bayanta yake bi. Don haka idan farar ce ke tahowa, ka tsaya ta inda suka dosa, ɗan ne zai fara shigo maka. Idan baƙar ce, jikin uwar zai tare shi, sai ka nemi gefe ka jira su gitta. Ga mai koyo, ni farar nake ba da shawara.

Kayan aiki ba su da yawa. Kyamara da gilashin da ke jawo nesa kusa, mai kaiwa milimita 400, da batir na biyu, da 'yar jaka cike da wake ko shinkafa da za ka ɗora a tagar mota ka kwantar da kyamarar a kai don kada hannu ya yi rawa. Ka kashe filasha, ka kashe ƙarar maɓalli.

A fita da asuba, ko da la'asar sakaliya. Da tsakar rana karkanda na kwance a inuwa ko cikin taɓo, hasken kuma yana kashe hoto. Ka faɗa wa jagora tun kafin a tashi cewa uwa da ɗa kake nema, domin masu gadin daji sun san dabbobinsu ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ma an yi musu tsaga a kunne don a riƙa gane su.

Matsowa ita ce ainihin aikin. Karkanda ba ta gani sosai, amma hancinta da kunnenta ba su da wasa. A zagaya yadda iska za ta riƙa busowa daga wajenta zuwa wajenku. Mota ta tafi a hankali, ta gefe, ba kai-tsaye ba, ta tsaya da tazara, a kashe inji, kowa ya yi shiru. Kada mota ta taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma ba a sauka sai inda dokar gandun ta yarda. Baƙar karkanda tana iya gudun sama da kilomita 50 a awa. Daga nan idonka ya koma kan uwar. Muddin tana kiwo, kunnuwanta na juyawa a sake, kana lafiya. Idan ta ɗaga kai ta kafe kunnuwa wajenku, ta fara huci, ko carkin da ke bayanta ya tashi da tsuwa, to ta san da ku. Kada a matsa, a jira ta koma kiwo. In ba ta koma ba, a ja da baya.

Sa'ad da ta saki jiki, sai ka fara. Ka sauke kyamara ƙasa gwargwadon yadda taga ta bari, domin hoton da aka ɗauka daga rufin mota yana mayar da ɗan kamar tulin ƙasa. Ka saita kyamarar ta kama idonsa, saurin ƙiftawarta ya kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, saboda yana iya zabura da gudu ba zato. Kada ka cika hoton da shi kaɗai. Ka bar ƙafar uwar ko kanta a ciki, ta nan ne mai kallo zai ga ƙanƙantarsa, ga manyan kunnuwa da tafin ƙafa da suka fi ƙarfin jikinsa, ga ɗan tudun da ƙaho zai fito a kai. Lokacin shan nono da birgima a taɓo su ne suka fi cancantar jira.

Saura mataki guda, kuma ban yarda a tsallake shi ba. Waya da kyamarori da yawa suna liƙa wa hoto bayanin ainihin inda aka ɗauke shi. Ɓarayin ƙaho na iya bin wannan sawu, kuma idan suka kashe uwar, ɗan da bai isa yaye ba da wuya ya rayu sai an tsince shi. Ka kashe GPS kafin ka shiga gandun. In za ka saka hoton a Facebook ko Instagram, ka goge bayanin wurin, ka bari sai ka bar yankin, kada kuma ka ambaci mashayar ko kwarin da ka gan su.